Gorar Ruwa a Mazaunin Ummu

"Umma, in motar nan ta kife da Abba, wa zai riƙa kai ni makaranta?"

Ummukulthum ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, kuma a gaban uban nata. Garzali ya yi dariya, ya ci gaba da goge baƙin mai daga hannunsa. Matarsa Haulatu kuwa, abin da ke cin ranta ke nan tun safe, ta rasa ta inda za ta fara.

Sati uku Garzali ya yi a ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar kafil ɗinsa Rashad, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki a ƙasar Larabawa, a garejin da ke bayan gidansu a unguwar Mesaimeer. Motar ta girmi makaniken nata. Rashad yana sa ta tseren nan na miƙaƙƙiyar hanya, inda motoci biyu ke jerawa su fizga lokaci guda, wanda ya riga tashi galibi shi ke ci. Tasa kuwa sai ta tsaya tana murza tayoyin baya, hayaƙi na tashi, abokin karawa ya yi gaba.

Shi ne Garzali ya sassauta shokozoban gaba, ya mayar da batir can baya, ya sa siraran tayoyi a gaba, ya kwance wani dogon ƙarfe da ke haɗa ƙafafun gaba biyu. Yanzu da an taka totur sai gaban ya ɗaga, nauyi ya koma baya, tayoyi su damƙi kwalta. Duk wannan a bakinsa Haulatu ta ji, wajen cin abinci. Abu ɗaya ta riƙe: wancan ƙarfen shi ke hana mota karkata a kwana. Ya ce filin tsere ba shi da kwana ko ɗaya.

Hanyar kasuwar Abu Hamour kuwa tana da su. Ta ƙirga guda huɗu, da shataletale.

Sherif mai babbar motar da ke ɗaukar a-kori-kurar zuwa filin tsere ya ce sai bayan la'asar. Garzali ya ce ba zai jira ba, da kansa zai tuƙa ta, ya sauke Haulatu da Ummu a kasuwa su sayi tumatir da albasa. A Kano, in ji shi, ba makaniken da ke gama aiki bai zaga unguwa da motar ba, yara cike a baya. Ummu har ta sa takalmi.

"Yalla, mu tafi, Maman Ummu. A hankali zan je."

Haulatu ba ta yi musu ba, ta san halinsa. Ciki ta shiga, ta rungumo cikakkiyar gorar ruwan nan babba ta injin sanyaya ruwa, tana nishi, ta ɗora a kujerar gaba, tsakiya, mazaunin Ummu, inda babu bel.

"Abban Ummu, nauyinta kusan ɗaya da na 'yarka. Ga fili nan babu kowa. Zaga min turken fitilar can kamar shataletale, da gudun da ka ce za ka yi. In ta zauna, mu shiga."

Ya ce ta mayar da shi ɗan koyon tuƙi. Amma ya tayar.

Ta riƙe hannun Ummu gam, tana addu'a a zuci. Motar ta tafi lafiya har gindin turken. Da ya karya kan, sai gaba ɗaya ta kwanta gefe, tayar baya ta ciki ta yi kamar za ta bar ƙasa, siraran tayoyin gaba suka yi ƙara suna zamewa. Sai suka ji wani gum daga ciki.

Ya tsaya. Ruwa na tsiyaya ta ƙasan ƙofa. Da Haulatu ta buɗe, gorar ta faɗo a tsage, daidai inda ta daki hannun ƙofar.

Garzali ya daɗe a zaune riƙe da sitiyari, wandonsa sharkaf, idonsa a kan yarinyar. Sannan ya zaro waya ya gaya wa Sherif khalas, shi ke nan, zai jira la'asar ɗin. Haulatu ta kira tasi.

Ke mai karatu, in maigidanki ya ce ya gyara mota don ta yi gudu, kada ki tsaya kan abin da ya ƙara mata. Tambaye shi me ya cire. Kafin ki ji amsar ki gane ta, kada ɗanki ya shiga, ko da nan da bakin titi ne.