Tabarau a Cikin Kwando

Shekara talatin da huɗu muna tare da Awatif, ban taɓa ɓoye mata wani abu ya kwana biyu ba. Ba wai gaskiya ce ta yi mini yawa ba, fuskata ce ba ta iya riƙe sirri. In mai kifi ya cuce ni, tun ina kan matakala take sani, wai daga takuna.

A hawa na biyar muke zaune, nan Iskandariyya, kuma da ƙafa ake hawa. Duk abin da za mu ci a kwando yake zuwa. Awatif ta zura shi da igiya daga baranda, mai gurasa ya zuba, ta jawo. Bana kafaɗarta ta fara ciwo. Ba ta faɗa ba, amma ina ganin yadda take tsayawa a tsakiyar ja, ta naɗe igiyar a hannu, ta yi kamar teku take kallo. Abin ya dame ni ƙwarai. In na ce ta kawo in ja, sai ta ce tsohon direban taram ne ni, jirgin ƙasan cikin gari, hannuna birki kawai ya sani, zan fasa mata ƙwai a barandar hawa na uku.

Shi ya sa na shiga kasuwar intanet ta manhajar da 'yarmu Shirin ta sa mini a waya kafin ta koma Kuwait. Na sayi wani ɗan inji mai naɗe igiya da wutar lantarki, na zaɓi in biya in an kawo. Na ƙudura a raina cewa sau ɗaya dai a duniya sai na ba matar nan mamaki. Kwana biyar na riƙe sirrin, har abinci na rage ci don kada mu haɗa ido.

Ranar Laraba kafin azahar ina gidan shayi muna buga domino da Fikri mai aski, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon imel ne mai tambarin kasuwar da launinta. Na manto tabarau a gida, don haka na miƙar da hannu iyakar tsawonsa, na karanta manyan baƙaƙen kawai. Wai mai kawo kaya ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da ƙarfe sha ɗaya bai sami kowa ba. In ban biya fam goma sha biyar na sake kawowa cikin awa biyu ba, za a mayar da kayan.

Na danna inda aka ce a danna, wani shafi ya buɗe yana neman lambar katin banki da lambar sirri.

“Biya mana, Usta Gaber,” in ji Fikri, don Usta ake kiran direba a nan. “Fam sha biyar ko shayin nan bai saya ba. Ko sai ka je ka nemi izinin gwamnati?”

“Wace gwamnati?”

“Ta hawa na biyar.”

Na so in yi fushi, amma gaskiya ya faɗa. Katin fanshona yana cikin jakar Awatif tun ranar da na manta shi a shagon mai kifi. Na bar masa wasan, na kama hanyar gida ina sauri.

A bakin ƙofa na tarar da Ummu Hamada, matar mai gadinmu, tana tsinke ganyen lalo a faranti. Mijinta ne ke da sunan aikin, amma ita ce mai gadin. Ko kyanwa ba ta shiga ginin nan ba ta san wurin wa ta zo ba.

“Ummu Hamada, wani mai kawo kaya ya hau wurinmu da sha ɗaya?”

“Wane kaya?”

“Kaya dai.”

“To, kaya dai bai zo ba.” Ta ci gaba da tsinkarta. “Yau mai gas ya shiga, sai surukar hawa na biyu da fuskar nan tata, sai Ramzi mai gyaran wuta da jakarsa, sai kyanwar mai kanti sau biyu. Shi ke nan.”

“An rubuto mini ya ƙwanƙwasa ƙofa.”

Ta ajiye farantin don ta ji daɗin dariyar. “Ƙofarku? A hawa na biyar? Haba Usta! Likita ma da aka kira maka bara cewa ya yi ko za a zuro ka a kwando. Masu kawo kayan nan waya suke bugawa, in ba a ɗauka ba su tsaya a titi su yi ta ƙwala suna har unguwa ta gaji. Shekara nawa ina karɓar wa mutanen gidan nan kaya, ban taɓa ganin wanda ya rubuta wasiƙa ba.”

Maganarta ta ɗan taɓa ni, amma ni mutum ne da ba ya son a koya masa abu a bakin ƙofarsa. Kuma awa biyun nan tana ta tafiya. Na koma tsakiyar titi, na ɗaga kai.

“Awatif! Ke Awatif!”

Ta leƙo da ludayi a hannu. “Lafiya, Abu Shirin? Gobara?”

“Zuro mini katin nan!”

“Na me?”

“Wani ɗan abu ne... na maza.”

Mai guga da ke ƙasan ginin ya daina guga. Tagogi biyu suka buɗe. Awatif ta dube ni na ɗan lokaci, ta shige ciki. Can sai ga kwando yana saukowa a hankali, ya tsaya a wajen hawa na uku kamar kullum, sannan ya ƙaraso. Na leƙa. Babu kati, sai tabaraina a naɗe cikin tsumma.

“Katin ya shige wani wuri, ina nema!” ta ƙwala daga sama. “Ga wannan kafin nan, na ga ka manta shi. Mutum ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba!”

Na sa tabarau don kawai in nuna wa jama'a ban ji haushi ba. Da na sake duba saƙon, sai ƙananan baƙaƙen suka fito. Ba a ambaci sunana ba, wai “abokin cinikinmu mai daraja”. Ba a faɗi abin da na saya ba. Adireshin wanda ya aiko kuwa wani dogon tarkacen lambobi ne da ba shi da alaƙa da kasuwar. Sannan na tuna ni da kaina na zaɓi in biya a hannu. To katin me, lambar sirrin me?

Fanshon nan shi ne gurasarmu da maganinmu.

“Rufe shafin nan,” in ji Ummu Hamada, wadda ta riga ta taso tana leƙe ta kafaɗata. “Shiga tasu ta cikin wayar, wadda ka yi sayayyar da ita. In da magana, can za ka gani.”

Na buɗe manhajar ina kare fuskar wayar da tafin hannu. Kayana na hanya, gobe Alhamis za a kawo, babu ko kwabo da ake nema.

“Ka rubuta musu lambar?”

“Da wane kati?”

“Allah ya saka wa Hajiya Awatif. Da ka rubuta, da yanzu kana layi a banki kana roƙo a rufe shi. Tura wa kasuwar saƙon su san ana yawo da rigarsu, sai ka goge. Kuma ka gaya wa Fikri, shi ma na ji an aiko masa.” Ta rage murya. “Wai me ka saya ne?”

“Kaya dai,” na ce. Na hau matakala ina jin kunya, amma ina alfahari da abu ɗaya: sirrina na nan daram.

Washegari da hantsi wani mai babur ya tsaya a titi yana ƙwala sunana har da na mahaifina. Na sauka da kaina, na biya, na hawo da kwalin ina haki. Awatif ta buɗe, ta dafe ƙirji.

“Wayyo, Gaber! Mene ne wannan? Ni? Ban taɓa zato ba!”

Ta ɗan fi ƙarfin murya, amma daɗi ya hana ni lura. Na ɗauki injin na nufi baranda kamar ango. Sai da na warware wayarsa na tuna barandarmu ba ta da wurin jona wuta, tun da aka gina gidan. Na tsaya riƙe da wayar kamar wawa. Ina sunkuyar da kai kuwa, sai ga sabon soket fari fat a jikin bango, daidai inda igiyar kwando take ratayewa. Na taɓa simintin gefensa, bai gama bushewa ba.

Ramzi mai gyaran wuta da jakarsa. Sai kuma na tuna ranar da Shirin ta buɗe mini imel, a wayar uwarta ta fara gwada shi, ba ta kuma cire shi ba. Ashe duk saƙon da ya zo mini, na gaske da na ƙarya, ya biya ta hawa na biyar. Kwana shida matar nan ta haɗiye magana saboda ni, ita da ba ta iya haɗiye ta minti shida.

“Ya yi?” ta tambaya daga bayana, tana murza kafaɗa.

Idona ya ciko. Na cire tabarau na goge da gefen riga.

“Kin ga sa'a,” na ce. “Ashe akwai soket a nan.”

“Kai, haba?” in ji ta. “Shekara talatin da huɗu ban taɓa lura ba.”