Kazar da Ta Yi Cara

Su uku ne a gidan haya: tela, da matarsa mai sayar da kayan miya a bakin titi, da 'yarsu tilo da kowa ke kira Auta. Ɗaki da falo gare su, sai ɗan fili a baya inda ake shanya. Auta ba ta da abokin wasa, uwar kuma tana son ƙwai a gida. Shi ya sa tela ya sayo ɗan tsako, mai sayarwa ya rantse masa mace ce. Dokar gari ta yarda a ajiye kaji mata, amma ta hana zakara saboda cara.

Auta ta raɗa mata suna Kwalliya. Ta girma a hannunta, ta yi zanko ja, ƙwai kuwa shiru.

Wata safiya Kwalliya ta hau bokitin wanki, ta miƙe wuya, ta yi cara. Uwar ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Baban Auta, kazarka ce ta yi wannan?"

"Ni tela ne, ba likitan kaji ba. Abin da aka ce mini shi na saya."

Maƙwabciyarsu ma'aikaciyar jinya ce, da safe take samun barci. Ta yi haƙuri har ta gaji, ta kai ƙara. Duba-gari ya zo, ya leƙa bayan gida, ya dubi Auta da ta rungume zakaran.

"Ni ma ina da yara," ya ce wa tela. "Amma in aka sake jin cara, dole in ɗauke shi. Ku yanka, ko ku fitar da shi daga gari."

Uwar ta ce a ba manomin da ke kawo mata kayan miya. Auta ta ƙi. Ta ƙi cin abinci, ta zauna gefen keken ɗinki tana hawaye ba sauti. Tela ba ya iya kallon haka. Ya taɓa jin cewa in aka ɗaura wa zakara ƙyalle a wuya, ba ya iya jan iskar da zai yi cara. Ya ɗauki tef ya auna wuyan, ya ɗinka ɗamara da guntun yadi da roba.

"Yau kuma har kaji ake wa awo?" in ji matarsa. "Saura hula."

Da gari ya waye, abin da ya fito daga bakin zakaran kamar tarin tsoho ne. Auta ta yi dariya. Amma tela ya ga har yanzu ana iya ji ta katanga, sai ya ƙara matse ɗamarar kaɗan.

Kafin ta tafi makaranta, Auta ta watsa wa zakaran masara. Ya tsattsaga da sauri yadda ya saba. Can sai ya tsaya, masarar ta maƙale masa a wuya. Ya buɗe baki, ya ja da baya, ya faɗi yana bugun ƙasa da fukafukai.

"Baba, zo ka ga Kwalliya."

Tela ya fito da almakashi a guje. Ɗamarar ta matse sosai, ya kasa samun inda zai sa bakin almakashin. Kafin ɗamarar ta rabu, zakaran ya daina motsi.

Uwar ta dafe ƙirji. Tela ya zauna a ƙasa da guntun yadin a hannunsa.

"Ni na matse," ya ce. "Ba ke ba ce, Auta. Ni ne."

Auta ta dubi masarar da ta rage a tafin hannunta, ta dubi babanta. Ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ta gane cewa saboda ita ya yi, kuma babu yadda zakara zai rayu a gidan da ba a so ya yi cara.