Bakan da Ya Fi Mai Shi Tsawo

Damina na ɗaukewa Baba Ezekiyel ya hau kujera ya zaro bakansa daga rufin ɗaki, inda yake soke shi kowace shekara. Yana tanƙwara shi a gwiwa don ya ɗaura tsirkiya, sai bakan ya ce ƙas, ya rabu biyu, wani gari mai laushi ya zubo masa a ƙafa. Ƙwari sun cinye cikinsa tas, ɓawo kawai suka bari.

Nan take ya kira 'yarsa Joanna a waya. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Kafanchan, tana tsakiyar wanke wa wani ciwo kiran ya shigo. Yadda ya ce "Joanna, an gama da ni," sai ta ɗauka wani mugun abu ne ya same shi. Da ta gane zancen baka ne, ta ce masa za ta zo ranar Asabar, ta kashe wayar tana tsaki.

Ba wai ba ta san abin da bakan yake nufi gare shi ba. A ƙauyensu, can kan hanyar Zonkwa, maharba suna fita rawa ranar sabuwar shekara bayan an taso daga sujada, kuma Baba Ezekiyel ne a gaban layi tun Joanna tana firamare. Amma kafin Kirsimeti maharban sukan taru, na gaba ya ja tsirkiya a idon kowa har ta taɓa kunnensa, da bakan da ya sassaƙa da hannunsa, ba na aro ba. In ya kasa, sai ya koma baya, na biye da shi ya shiga gaba. Na biye da shi kuwa Meshak ne, ɗan ƙanin babansa, wanda ya daɗe yana tambayar lafiyar Baba fiye da yadda zumunci ya bukata.

Abin da ya dami Joanna shi ne kafaɗarsa ta dama. Tun da tsohon ya faɗo daga kan rumbu, ko riga zai sa sai ya yi nishi. Tsohon bakan ya yi laushi saboda shekaru, shi ya sa yake iya jansa. Sabo ba zai ji tausayinsa ba.

Da ta iso ranar Asabar da mashin ɗinta, ta same shi a ƙofar gida da adda a hannu, ya ci takalmin ruwa.

Ta ce, "Baba, ga gora nan a bakin rafi. Mu yanko ɗaya mai kyau mu dawo. Tana da sauƙin ja."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Gora? In tsaya gaban maharba da gora, kamar yaro mai bin ƙadangare? Meshak zai yi dariya har ya faɗi. Tayar da mashin."

Suka kama hanyar dutse. Duk inda ya hango itace sai ya buga mata kafaɗa, "Tsaya, tsaya!" Ya sauka, ya zagaya itacen, ya ƙwanƙwasa shi da bayan adda, ya kanga kunne kamar mai jiran a amsa masa daga ciki. Marke ya yi nauyi, kuma tsagewa yake in ya bushe. Geza gajera ce, ga karkata. Wani reshen gwaiba da Joanna ta ga ya miƙe sambal, ya shafa shi da yatsa ya nuna mata ƙulli a tsakiya, ya ce nan zai karye ya fasa masa ido, ko so take ta kai shi asibitinsu? Rana ta take, ƙaya ta yaga mata siket. Ta nuna masa wata malaina don haushi, ta ce ga wannan.

"Malaina na masu yin benci ne."

"To, Baba, me kake nema? Faɗa mini, don Allah, in san abin da nake ƙona mai a kansa."

"Dargaza. Wadda ta tashi a inuwa, ta miƙe tana neman rana, kauri kamar ƙotar fartanya, ba ƙulli ko ɗaya."

Ta dafe kai. Dargaza tana da ƙarfi, ta san wannan ko ba a faɗa mata ba. Kuma masu gawayi sun riga sun share ta daga gefen dutsen nan, sai kututture. Suka yi ta hawa suna sauka har ta gaji tiɓis, tsohon kuwa ko a jikinsa. A ƙarshe ya zauna kan wani dutse, sannan ya ce cikin ƙaramar murya, akwai guda ɗaya a bayan gidan Scholastica.

"Ka san da ita tun safe?"

"Na sani. Matar ce ba na son bakinta."

Mama Scholastica mai tuyar ƙosai ce, gwauruwa, tare suka yi ajin baftisma da Baba tun suna yara, kuma tun lokacin ba su daina faɗa ba. Dargazar tata ce ta gaske, ɓawonta take jiƙawa ta zuba ruwan a ƙullu don ƙosai ya tashi. Ta saurari bukatarsu tana juya mai a kasko, ko kallonsu ba ta yi ba.

"Ezekiyel, kai da ba ka iya ɗaga bokiti? Ran Lahadi na gan ka, littafin waƙa ma da hannun hagu ka riƙe."

"Ba wa'azi na zo ji ba. Reshe ɗaya nake so."

"Joanna, ke da kika yi karatu, ba za ki gaya wa babanki ya zauna ba?"

"Mama, na gaya masa har bakina ya bushe."

Tsohuwar ta miƙa wa Joanna ƙosai a takarda, Baba kuwa ba ta ba shi ba. Sannan ta ce ta yarda, amma sara ɗaya, daga gindi, kuma ya kwashe abinsa dukka ya tafi da shi. Ba za a tsaya mata a bayan gida ana daddatsawa awaki su taru ba.

Sandar da ya zaɓa ta tashi ne a inuwar katanga, ta miƙe har ta wuce rufin kicin. Ko bayan ya share ganye da ƙananan rassa, ta fi shi tsawo nesa. Haka suka hau mashin da ita a kafaɗarsa mai lafiya, rabi a gaba, rabi a baya. Ta kwashe wa wata mata wanki daga kan igiya. Ta kusa tsone wa wani ɗan acaba ido, ya bi su da zagi da Turancin kasuwa. Duk juyin da Baba zai yi don ya ba da haƙuri, sai ɗaya bakin ya bugi Joanna a kai.

"Baba, kada ka ƙara juyawa! Bar su su yi ta zagi!"

A gida ya ɓare ɓawon, ya aika wa Scholastica da shi, ya ɗaure sandar a jikin wata miƙaƙƙiyar azara saman murhu don hayaƙi ya busar da ita a hankali. Daga nan Joanna ba ta ƙara samun sukuni ba. Yau ya kira ta kawo man kaɗanya na shafawa. Gobe ya ce wanda ta kawo na kanti ne, yana ƙanshin turare, itace ba ya son shi. Jibi ya ce ta nemo masa fatar da za a murɗa tsirkiya wajen mahauta. Abokan aikinta suka fara tambayarta, "Yaya jikin bakan?"

Ana saura kaɗan taron maharba ta zo ta same shi ya sauko da sandar. Ta bushe, ta yi ja, tana sheƙi. Ya riga ya kankare cikinta da wuƙa, bai taɓa bayanta ba, domin baya ne ke riƙe baka kada ya karye. Ya ɗauki gawayi ya yi zane a sama da ƙasa, daidai tsawon tsohon bakansa, ya miƙa mata zarto ta yanke masa, tun da shi ba ya iya jan zarto.

Joanna ta riƙe zarton ba ta fara ba. Ta ce, "Baba, bari in faɗa maka a matsayin aikina. In aka yanke wannan, ba za ka iya jansa ba. Ko ka ja, jijiyar nan za ta tsinke. Me zai faru in Baba Meshak ya shiga gaba? Duniya za ta tashi?"

Ya kafa gindin sandar a ƙasa, ya sa gwiwa a tsakiya, ya jawo saman don ya nuna mata bai mutu ba tukuna. Sandar ta biyo shi salin alin. Ya sake ta. Ya matsar da hannunsa ƙasa, wajen zanen gawayin, ya ja: ko motsi, sai fuskarsa ce ta murtuke. Ya mayar da hannun can ƙarshe ya sake ja, ta lanƙwaso kamar tana gaishe shi. Joanna tana kallonsa, ta ga lokacin da abin ya faɗo masa: in ya bar sandar da tsawonta, za ta fi sauƙin ja. Ya lashi yatsa ya goge zanen.

"Ajiye zarton. Haka bakan kakana yake."

"Wane kakan? Wanda ka ce sai ya taka turmi yake leƙa rumbu?"

"Shi. Gajere ne, amma bakansa dogo."

Ta mayar da zarton inda ta ɗauko shi.

Ranar taron, maharba suka zauna a inuwar mangwaro bayan majami'a, mata da yara suka tsaya daga nesa. Da Baba Ezekiyel ya ɓullo, bakan ne ya fara shigowa, sannan shi. Sai wani ya tuntsire da dariya. Meshak ya miƙe tsaye.

"Ciyaman, wannan baka ne ko sandar kaɗo mangwaro? Yaya, ka zo farauta ne ko ka zo jan wayar lantarki?"

"Dargaza ce. Zo ka taɓa, in ka san itace."

Ciyaman ɗin maharban, wani tsoho mai suna Dogara, ya karɓa ya jujjuya, ya shinshina, ya tambayi ko shi ya sassaƙa. Joanna ta amsa daga nesa, da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya, cewa shi ne, ita shaida ce, kanta da ya sha bugu ma shaida ne. Dogara ya ce tun yana yaro bai taɓa jin an auna baka da igiya ba. Tsirkiya ta taɓa kunne, shi ke nan.

Baba ya ɗaga bakan, gindin ya caki ƙasa. Ya karkata shi gefe, mutanen da ke wajen suka dare. Ya fara ja. Joanna ta ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, ta ji bakinta yana cewa "Yesu, Yesu" ba da saninta ba. Tsirkiyar ta zo haɓa ta tsaya. Ya ja numfashi, ya ƙara, ta gogi kunci, ta taɓa kunne. Dogara ya ɗaga hannu. Mata suka rangaɗa guɗa, Meshak ya koma ya zauna yana kaɗa kai.

Baba ya ratsa mutane yana amsa gaisuwa da hannun hagu, na daman yana lilo a gefensa kamar ba nasa ba. Da ya iso wajen Joanna, ya sunkuyo kusa da kunnenta yana murmushi don kada kowa ya gane.

"Kin zo da allurar nan ta kashe ciwo?"

"Tana cikin jaka. Wuce mu je gida."

"Bari Meshak ya fara tafiya tukuna."