Mutumin da Bai Taɓa Neman Izini Ba

Ranar Litinin ta farko a watan Yuli, Beryl Harbottle ta iso ƙofar gonar Dodds da gorar shayinta a hannu, ta tarar an garƙame ta da sarƙa da kwaɗo. Ta jijjiga ƙofar sau biyu, ta gyara tabarau ta karanta allon da aka manna, wai ba hanya. Shekararta saba'in da ɗaya, kuma tun tana tatata take bin wannan 'yar siririyar hanya da ta ratsa makiyayar tumaki ta ɓulla kan dutsen da ke kallon teku. A can ne benci mai ɗauke da sunan mijinta Alec yake. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kullum da hantsi takan je ta zauna a kai ta ba shi labarin gari.

Tsoho Dodds ya mutu da hunturu, 'ya'yansa suka sayar da gonar ga wani Mista Ainsworth daga Landan. Wata jarida ce ta jawo wa mutanen garin wannan, da ta sa ƙauyen Thornhaven cikin wurare goma da ya kamata mutum ya je hutun bazara. Sabon mai gonar ya ƙudura gina ɗakunan katako na baƙi, kuma ba ya son tsofaffi da karnuka suna gilmawa ta gaban tagoginsu.

Beryl ta fara da kansila Gavin Pringle, wanda ba a ganin ƙeyarsa sai zaɓe ya matso. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Goggo Beryl, ki bar komai a hannuna, zan duba lamarin."

"Haka ka ce a kan motar bas ɗinmu, Gavin. Yanzu sau ɗaya take zuwa a mako."

Ba ta jira shi ba. A ɗakin karatu aka nuna mata doka: hanyar da jama'a suka yi shekara ashirin suna bi ba yankewa ta zama ta kowa, in dai akwai shaidu. Mako biyu tana bi gida gida, a cikin zafin da duk garin ke kuka da shi alhali tun Fabrairu suke roƙon rana. Ƙafafunta suka kumbura, ta sha shayin da ya fi ƙarfin cikinta, amma ta haɗa takardun shaida arba'in da uku. Gida ɗaya kawai ta tsallake, na Norman, ƙanin mijinta.

Ba faɗa suka yi ba, mutanen nan ba sa faɗa a fili. Ranar da aka kafa bencin ne Norman ya ƙi zuwa, ya ce a gaban mutane, "Alec bai taɓa zama wuri ɗaya ba a rayuwarsa, sai ya mutu za ku zaunar da shi?" Maganar ta soki Beryl, kuma ba ta yafe ba. Tun daga ranar in sun haɗu a kanti sai ta ce, "Da alama za a yi ruwa," shi kuma ya ce, "Da alama." Nan zumuncin ya tsaya.

Ranar Laraba jami'ar majalisar gunduma, Madam Charlton, ta zo zauren coci jin shaidu. An jera kujeru, an yanka kek. Ta fara da Doreen mai gidan waya.

"Shekara nawa kina bin hanyar?"

"Talatin da biyar, kowace Lahadi."

"Kin taɓa neman izinin mai gonar?"

Doreen ta miƙe wuya. "Haba Madam, kin ga na yi kama da marar tarbiyya? Duk sanda na hango marigayi Dodds sai na ce, ba damuwa in wuce? Shi kuma ya ce, bismillah, wuce abinki."

Madam Charlton ta rubuta wani abu. Fasto ya tashi ya ce shi har kwalbar zuma yake kai wa Dodds duk Kirsimeti don godiya. Kowa ya tashi sai ya nemi ya fi na baya ladabi. Da aka zo kan Beryl, ita ma gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa taka ciyawar mutum ba tare da ta tambaya ba.

Jami'ar ta rufe alƙalaminta, ta ce a yi haƙuri. Doka tana maganar waɗanda suka bi hanya a matsayin haƙƙinsu ne. Wanda ya nemi izini aka ba shi, alfarma aka yi masa, kuma alfarma ta bi mai gona kabari. "Ina buƙatar waɗanda ba su tambayi kowa ba," ta ce. "Zuwa Juma'a zan rufe fayil."

Aka shiga kallon juna. Can Doreen ta ce a hankali, "To ai duk garin nan mutum ɗaya ne marar kunyar da zai iya wannan." Ba wanda ya kalli Beryl, suka mai da hankali kan kek.

Haushi ya cika ta har wuya. Mutum arba'in da uku, duk ladabinsu ya tashi a banza, sai wanda bai iya gaisuwa ba. Ta yini Alhamis tana goge tagogin da ba su yi datti ba. Da la'asar ta tuna yau kwana goma sha takwas bencin yana can shi kaɗai, sai ta ɗauki lema ta fita. Zafin ya karye, ruwa na zuba kamar da bokiti.

Norman ya buɗe ƙofa da silifas, ya dube ta sama da ƙasa. "Ana ruwa," ya ce.

"Na gani, a jikina yake sauka. Matsa in shiga."

Ya matsa. Ta tsaya a tsakiyar kicin tana ɗiga. "Norman, ka taɓa neman izinin Dodds kafin ka bi gonarsa?"

"Izini? Wurin wancan mai kunnen tunkiyar? Kakanmu ya bi hanyar nan tun Dodds bai san inda hancinsa yake ba."

"To gobe za ka faɗa wa matar gunduma haka."

"Ba na shiga taron coci. Kek ɗinku ma ba ya ciwuwa."

"Ba ciyar da kai za a yi ba, tsohon banza. Bencin ɗan'uwanka ne a bayan kwaɗon nan. Na san ba ka damu da shi ba, amma ni ba ni da inda zan je in same shi sai can. Ba zan bar kicin ɗin nan ba sai ka ce to."

Ta ja kujera ta zauna, jakarta a cinya. Norman ya ɗora butar shayi a wuta. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwali, ya dire a kan tebur. Ƙananan littattafai ne, talatin da ɗaya, ɗaya na kowace shekara. Ashe yana da ma'aunin ruwan sama a kan dutsen, kullum da sassafe yakan je ya duba ya rubuta. Kuma da yake ba ya son mutane, duk wanda ya tare masa hanya sai ya sa shi a littafi.

Beryl ta buɗe ɗaya. "Yayyafi. Baƙi shida da taswira, sun bar ƙofa a buɗe." Wani shafin: "Rana. Masu yawon ƙafa ashirin daga Leeds, surutu." Baƙin nan ba su san Dodds ba balle su tambaye shi, ga su nan rana bayan rana, shekara talatin da ɗaya.

Ta jawo na bana don ta ga inda ya tsaya, Norman ya miƙo hannu amma ta riga shi. "Hazo. Na goge wa Alec benci." Ta koma baya. "Iska. Na shafa wa bencin mai." "Sanyi. Na ɗaure ƙusar ƙafar hagu ta bencin. Na gaya wa Alec an sayar da gonar." Shekara shida tana tarar da bencin a goge tsaf, tana yaba wa ma'aikatan gunduma. Shafin jiya ma akwai rubutu.

"Ta ina ka bi jiya, ƙofa a kulle?"

"Ta samanta na haura. Gwiwata ce dai ba ta so."

Ta rufe littafin, ta ciro hankici ta share tabarau, ta daɗe tana sharewa. Norman ya juya baya yana neman kofuna.

"Madara kaɗan," ta ce.

"Na sani. Ai shi ya sa shayinki ba ya shawuwa."

Washegari ya sa kwat ɗin jana'iza ya kai kwalin zauren coci, ya amsa tambayoyin Madam Charlton kamar ita ta yi masa laifi. Ta tafi da littattafan. Sai a watan Satumba takarda ta zo, aka cire kwaɗon, kansila Pringle ya zo aka ɗauke shi hoto a bakin ƙofar.

Amma Beryl ba ta jira Satumba ba. A safiyar Asabar, kashegarin shaidar, ta tsaya gaban ƙofar da gorar shayi da kofi biyu, Norman na gefe da tsummansa na goge benci.

"Ba za ki nemi izini ba?" ya ce.

"Riƙe min jaka," ta ce, ta ɗora ƙafa a kan ƙarfen farko na ƙofar.