Tsaga a Kan Ubale

Salamatu ta cire wa Ubale hula, ta cusa yatsu cikin gashinsa, ta jawo wani ɓangare ta auna. Ya kai gaɓa biyu da rabi. Wata bakwai ke nan aska ba ta hau kan nan ba, tun ranar da wani mutumin Panda ya dawo daga yaƙin Jamus da ƙafa a kumbure, ya tsaya a ƙofar gidansu a Tudun Ƙofa, ya ce Jibril ya faɗi a hanya da akwatin harsashi a ka, bai sake tashi ba. Jibril wan Ubale ne, kuma ɗan farinta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Ko kukan mutuwarsa a bayan ɗaki ta yi shi.

"Inna, zai isa?" in ji Ubale.

"Yi mini shiru in yi tunani."

Jiya da la'asar mai unguwa ya aiko. Turawa suna son ƙarin 'yan dako, wannan karon har ƙetaren teku, kuma sunan Ubale yana ciki. Gobe da hantsi za a tara su a filin bariki. Gudu ba ya yiwuwa, don wanda ya gudu uwarsa ake tsarewa sai ya kawo kansa. Amma kowa ya san sajen da ke dubawa yakan mayar da kuturu, da mai tari, da mahaukaci. Ubale ba shi da kuturta, ba ya tari, ƙato ne mai shekara ashirin da biyu wanda ke ɗaukar damin dawa da hannu ɗaya. Abin da ya rage shi ne haukan. Da ma tun da ya bar zuwa wurin wanzami ya kuma rage magana, unguwa take raɗa cewa mutuwar wansa ta taɓa shi.

Shekara talatin Salamatu tana kitso. Rabin amaren Tudun Ƙofa a tsakanin gwiwoyinta suka zauna. Ta san yadda ake gyara kai, amma ba ta taɓa ɓata shi ba, kuma gashin mahaukaci, wanda ke cuɗewa ya yi igiya-igiya, shekaru ne suke yin sa. Ita yini ɗaya ke gare ta.

Ana cikin haka Jidda ta yi sallama. Bafillatana ce da ke kawo nono daga rugarsu a bayan Jigwada, ƙawar Salamatu tun kafin a haifi Ubale. Ta sauke ƙwarya, ta dubi uwa ta dubi ɗa.

"Kaɗo, yau kuma kan gardi kike kitsawa? Amare sun ƙare a garin?"

Salamatu ta ja ta cikin ɗaki ta gaya mata. Da suka fito, dariyar ta bar fuskar Jidda. Ta tsuguna ta shafa kan Ubale kamar mai duba maraƙi.

"Ni da ƙaro na yi niyya," in ji Salamatu. "In jiƙa shi ya yi kauri, in kwaɓa da toka, in dunƙule gashin curi-curi. Kafin azahar ya bushe."

"Ya bushe, ya yi ta ƙyalli kamar bayan tukunya. In aka taɓa ya karye, kowa ya ga jiya aka yi shi."

"Ba a taɓa kan mahaukaci."

"Soja ne fa. Har baki suke buɗe wa mutum su ƙirga haƙora."

Ubale ya ɗago. "Ban da ƙaro, Inna. Ruwa ba zai ratsa ba. In yi ta yawo ba wanka ba alwala har yaushe?"

"Wanka! Ana maganar ranka kana maganar wanka?"

"In za a kai ni in mutu, gara in mutu da tsarki."

Salamatu ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai hannun ya sauka a kafaɗarsa ya tsaya nan. Ta juya wajen Jidda.

"To naku fa? Yadda samarinku suke murɗa nasu?"

"Namu da man shanu ne, kuma don 'yan mata ake yi. Tun daga nesa za a ji ƙamshi, a ce wannan yana da mai kula da shi." Jidda ta rage murya. "Akwai na uku. Wata tsohuwa 'yar bori da ke sayen nonona, na ga yadda take wa sababbin shiga. A wanke kai da sabulun salo sau uku, kada a bar maiƙo ko ɗigo. A shanya a rana ya bushe ƙamas. Sannan a bi shi da busasshiyar jar ƙasa, a riƙa murza shi tsakanin tafin hannu, gefe ɗaya kullum, har ya kama kansa. Ba ya ƙyalli, ba ya ƙamshi, ruwa kuma yana shiga. Sai dai yana cin lokaci, yana cin hannu."

"Na 'yan bori, Goggo?" in ji Ubale. "A'uzubillahi."

"Murzar na ce ka ara, ɗan nan, ba aljanun ba."

Salamatu ta tsaya tana kallon kaskon ƙaron da ta riga ta jiƙa. Na ƙaro sauri, amma in an gane, bulala ce a tsakiyar kasuwa, kuma a tafi da shi duk da haka. Na man shanu ta iya, ba ya fita a matsayin hauka. Na uku ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki kaskon ta kife bayan rumbu.

"Ɗebo ruwa," ta ce da Ubale.

Jidda ta nuna mata a kan dunƙule biyu a ƙeya, sannan ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin zaure ta juyo. "Kada ya cika haukan fa. Wanda ya yi duka ko ihu, mari ake sa masa a ƙafa. Ya yi na shiru."

Tun hantsi Ubale yake zaune a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwarsa, inda bai zauna ba tun yana ɗan yaye. Tana ɗebo gashi, tana barbaɗa ƙasa, tana murzawa. Kafin azahar tafin hannunta ya yi ja, kafin la'asar ya yi ƙululu ya fashe. Ba ta tsaya ba. Duk motsin da ta ji a zaure sai ta jefa masa zane a ka. Sau ɗaya wata maƙwabciya ta leƙo neman kitso, Salamatu ta ce daga ɗaki zazzaɓi take yi.

"Me zan riƙa yi gobe?" in ji Ubale.

"Ka zauna a ƙasa. Ka riƙa tara tsakuwa kana watsarwa. Kada ka dubi idon kowa."

"In sun yi mini magana?"

"Ka yi murmushi kamar da wani kake, ba da su ba."

"In sun doke ni?"

Hannunta ya tsaya. "Ka yi dariya."

"In ke suka—"

"Ko me ka gani, ko me ka ji, ba ka san ni ba. Ka rantse."

Ya kau da kai. Ta ja gashin har ya ce wash.

"Na rantse."

Rana na faɗuwa ta gama. A cikin duhun ɗaki kan ya yi yadda take so, igiyoyi gajeru jajaye sun miƙe ko'ina, har ita kanta ta kau da ido.

Da safe ta yayyaga tsohuwar rigar ubansa marigayi ta sa masa, ta ɗaura masa igiya a ƙugu ta riƙe bakin. Haka suka ratsa unguwa. Mata suna leƙe ta katanga, wata ta ce, "Wayyo, ashe abin ya kai haka." Mai unguwa ya gan su, ya buɗe baki, ya rufe. Shi dai an ce ya kawo mutum goma, ga na goma ya zo.

Filin ya cika. Maza sun yi layi, iyaye mata suna gefe a bayan wata igiya da aka ja. Can ƙarƙashin itace Bature yana zaune a kujera da takarda, bai ko ɗago ba. Mai dubawar wani saje ne dogo, Hausarsa ta mutanen arewa, da dorina a hannu. Aka bar Salamatu ta shiga layi saboda igiyar da take riƙe da ita. Ubale ya zauna a ƙasa ya fara tara tsakuwa.

A nan ne, tana tsaye a kansa, rana ta haske kan sosai, ta ga abin da ba ta gani ba a ɗaki. Igiyoyin sun jeru. Daga goshi zuwa ƙeya layi ne a miƙe, layi na bin layi, kowane dunƙule daidai da ɗan'uwansa, fatar kai tana bayyana a tsakani fes kamar kunyar gona. Ba ta ɗauki tsinke ba, ba ta yi niyyar tsaga ba. Hannun ne ya yi abin da ya saba shekara talatin.

Ta kai hannu za ta hargitsa, sai ga inuwar saje a kansu.

"Wannan fa?"

"Ɗana ne, ranka ya daɗe. Ba shi da lafiya."

"Tun yaushe?"

"Tun da wansa ya mutu a wajenku."

Saje ya sa bakin dorina ya ɗaga haɓar Ubale. Ubale ya yi wa wani abu murmushi a bayan kafaɗar sajen. Dorinar ta hau kai, ta shiga tsakanin igiyoyin, ta bi layi ɗaya a hankali tun daga goshi har ƙeya. Ta dawo ta bi na biyu.

"Iya, mece ce sana'arki?"

Ta ga ƙarya ba za ta yi ba, rabin filin sun san ta. "Kitso."

"Na gani. Garinmu ma akwai mahaukata, amma ban taɓa ganin mai tsaga ba."

"Ko mahaukaci ɗa ne, ranka ya daɗe. Ran da ya yarda ya zauna, nakan raba masa saboda ƙwarƙwata."

"Buɗe hannunki."

Ta buɗe. Ya dubi ƙululun da suka fashe, da jar ƙasar da ta maƙale a cikinsu. Ya dubi Ubale. Sai ya ja da baya taki ɗaya, ya ɗaga dorina. Salamatu ta runtse ido tana jiran ta ji ta a jikin ɗanta.

A kafaɗarta ta sauka. Zafin ya ratsa har cikin haƙoranta. Ta biyu ta same ta a damtse, ta durƙusa. Mata suka ɗauki salati a bayan igiya. Saje ba ita yake kallo ba, idonsa yana kan Ubale. Ita ma shi take kallo ta ƙasan hannunta, tana roƙon Allah a zuci, kada ya tashi, ya Allah kada ya tashi. Ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ta ga yatsunsa sun damƙe tsakuwa har wani ya yi jini. Ta uku ta sauka a bayanta, ta faɗi da fuska kusa da ƙafarsa.

Ubale ya buɗe hannu, ya jera tsakuwoyin ɗaya bayan ɗaya a gaban fuskarta, ya yi dariya. Dariya ce siririya, wadda ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

Saje ya tofar da yawu. "Wanda aka doki uwarsa yana dariya, wannan ba mutum ba ne. Ja abinki ki tafi."

Ba ta san yadda suka fita filin ba. Ta dai tuna igiyar a hannunta, da jinin da ke bin damtsenta, da yadda mutane suke matsawa su ba su hanya. Ba ta waiwaya ba har suka shiga zaure. Ta sa itace ta tokare ƙofa, ta kwance masa igiyar, ta zube a ƙasa tana haki.

"Alhamdulillahi. Mun tsira, Ubale. Jibi za su tashi, in sun yi nisa in kira wanzami ya kwashe wannan ƙazantar."

Ya zauna a inda ta sake shi.

"Ka ji? Mun iso gida. Ba kowa."

Idonsa yana kan damtsenta, inda fatar ta tsage.

"Wannan? Ba komai ba ne, ruwan zafi kawai yake so. Ni na sa ka rantse, kuma ka cika. Tashi ka ɗebo mini ruwa."

Bai tashi ba. Hannunsa ya lalubi ƙasan zauren, ya sami tsakuwa ɗaya, ya sami ta biyu.

"Ubale, bari mana. An gama."

Ta dafa bango ta miƙe, ta je ta ɗebo ruwan da kanta. Da ta dawo ya tara guda bakwai, ya jera su a layi, yana yi wa bango murmushi. Ta tsuguna a gabansa da ƙwaryar a hannu, ta sa fuskarta daidai tasa, ta kira sunansa a hankali, ta sake kira. A masallacin unguwa aka kira azahar. Ta ajiye masa buta kusa da gwiwarsa, ta koma gefe ta zauna, tana jira ta ga ko zai ɗauka.