Rabin Rufin Baba Ƙi-Faɗi

Ba a banza ake ce masa Baba Ƙi-Faɗi ba. Fari ya zo ya wuce ya bar shi a tsaye. Maciji ya taɓa saransa a gona, in dai daga bakinsa ka ji labarin, macijin ne ya yi jinya. Bai taɓa zama a aji ba, amma a wajen noma ba ya yarda akwai na biyunsa.

Bana ambaliya ta kwantar da masararsa ta kwari. Gwamnati ta ce za ta ba manoma tallafi, kowa gwargwadon asararsa, malamin gona zai zagayo ya gani da idonsa. Kwanon ɗakin Baba kuwa tsatsa ta gama da shi, ruwa na shiga kamar an gayyace shi. Matarsa ta riga ta yi wa tallafin aiki: sabon rufi.

"Maigida, yau ɗaya dai ka riƙe bakinka," in ji ta. "Ka nuna masa kwarin, ka langaɓe kai, ka dawo. Gonar tudu ba wanda ya tambaye ka."

"Ke tsohuwa, ni za ki koya wa magana da hukuma?"

"Magana ai ka iya. Shirun ne nake tsoro."

Malamin gona ya iso a babur. Baba ya tarye shi da sanda, har da ɗingishin da ba a san shi da shi ba. Suka tsaya bakin kwari, kara duk ya kwanta cikin laka yana wari. Baba ya saki ajiyar zuciya mai kyau, shi kansa sai da ta burge shi.

"Sannu, Baba," in ji malamin. "Duk yawona ban ga gonar da ta lalace kamar taka ba. Ta maƙwabcinka ma da sauƙi."

Maƙwabcin, Dogo, yana jingine da shinge tun ɗazu yana sakace haƙori. Tun suna samari suke gasar noma.

"Shekaru ne, ranka ya daɗe," in ji Dogo. "Ƙarfi ya ƙare. Na sha ce masa ya ajiye fartanya ya koma renon jikoki."

Ɗingishi ya warke nan take. Baba ya jefar da sanda, ya damƙi hannun malamin ya ja shi tudu, malamin na haki a bayansa. Ga masara nan ta fi mutum tsawo, kowane goyo kamar damtse.

"Ɗana, duba nan. Hannun nan ne ya noma ta. Ka je ka faɗa wa gwamnati ruwa bai ga bayana ba."

"Ashe rabi ya tsira," in ji malamin, ya ciro waya zai ɗauki hoto. Baba ya gyara hula ya shiga gaban masarar.

Da Baba ya dawo gida, daga tafiyarsa matar ta gane, tun bai buɗe baki ba.

"Ina sandar?" ta tambaya.

Tallafi ya fito rabi. Kwanon da aka saya ya rufe rabin ɗaki, ita kuma ta tsaya a kan kafinta sai da ya fara daga gefen gadonta.

Da ruwa ya sake saukowa wata la'asar, tana zaune a busasshen gefe tana ɗinki, Baba na nasa gefen tsakanin bokiti da robobi, ɗigo na sauka a kafaɗarsa.

"Matso mana, Maigida, akwai wuri."

"Bar ni. Wanda ambaliya ba ta kayar ba, yoyo ne zai kore shi?" Ya share wuya da hula. "Amma da kin ga fuskar Dogo da muka sauko."

Ta tura masa wata roba da ƙafa.