Maki Arba'in da Huɗu na Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da na tashi nake neman wanda zan zaunar in ba shi labari, sai ga ku Allah ya kawo. Amma bari in fara gaya muku abin da ba mafarki ba, don kada ku ɓace a hanya.

Ni Tabawa da kuke gani ina jan ƙafa zuwa bakin famfo, na buga ƙwallon kwando. A shekarar 1974, a gasar makarantun horon malamai mata, na ci maki arba'in da huɗu ni kaɗai a wasa ɗaya, ga ni gajeruwa kamar turmi. Ba a ɗauki hoto ba, ba a buga a jarida ba. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya ga abin da idonsa, ita ce Kuluwa, doguwar da aka sa ta tsare ni a ranar. Yanzu ƙawata ce, layi biyu ne tsakanin gidajenmu, kuma shekara hamsin ke nan tana cewa arba'in da biyu ne, wai an riga an busa usur kafin ƙwallon ƙarshe ya bar hannuna. Ko a gidan suna muka haɗu, sai ta ɗaga mini yatsu biyu daga nesa.

To, a mafarkin sai ga ni a bakin ƙofar wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama, mutane duk sun juya lemarsu sun zauna a ciki suna jira ya ɗauke. Ban yi mamaki ba. Na dai ɗaure zanena da kyau.

Mai gadin ƙofar jimina ce, sanye da rigar alƙalin wasa. Ta miƙo wuya ta dube ni.

"Iya, mu nan amsa muke bayarwa, baƙo ya kawo tambaya. Ƙafa goma."

Na ce, "Mene ne tsayin kwando daga ƙasa?"

"Tara."

"Mutum nawa ke tsaron fili a besbol, wasan nan na Amurkawa da ake dukan ƙwallo da kulki a zaga da gudu?"

"Ɗari."

"Maki nawa wani Ba'amurke ya ci shi kaɗai a wasan kwando ɗaya a 1962?"

Ta ɗan ja baya. Ba ta san shekarata nawa ina kwana da rediyo a kunne ba, shirin wasanni bai taɓa wuce ni ba ko ina naƙuda.

"Arba'in da huɗu," in ji ta.

Na bugi ƙirji. "Nawa Tabawa ta ci?"

"Au, ke ce? To yi sauri, yau ake rabon su."

Sai ga ni a ofis. Awaki ne ma'aikatan, kowace da keken rubutunta, suna bugawa da kofato. A bango an rubuta Ofishin Rabon Bajinta. Babban magatakarda wani bunsuru ne mai tabarau, ya sa alƙalami a bayan ƙaho. A kan teburinsa akwai ƙwarya cike da ƙwan zabi, ina ganinsu na gane makina ne. Na san kowannensu. Ga wanda na ci da hannun hagu, ga wanda na ci gwiwata tana zubar da jini, ga wanda na ci ta tsakanin hammatar Kuluwa. Na taɓa ɗaya, da ɗuminsa. Biyu an ware su gefe a kan faifai.

"Sannu da aiki, Malam," na ce. "Wa ya ba ku izinin taɓa mini kaya?"

"Doka ce, Hajiya. Duk tarihin da aka kafa, in ya shekara hamsin ba wanda ya tambaye shi, ya zama ba mai shi. Sai a raba wa mabuƙata."

"Ga ni a tsaye."

"Mun gani. Tsayuwarki ba ta cikin fayil."

Mabuƙatan biyu ne. Na farko ɗan besbol ne da hula mai baki da kulki a kafaɗa, yana ta zagaye ofis ɗin da gudu, duk sanda ya iso gabana sai ya gaishe ni.

"Ina wuni, Iya. Uku kawai nake nema in isa gida."

Ya wuce. Ya sake zagayowa.

"Tun ina saurayi na doki ƙwallon, Iya, har yau bai sauko ba."

"To ina ruwana? Makin kwando ka taɓa jin ya shiga besbol?"

"Za a soya su tukuna," in ji bunsuru.

Na biyun ɗan ƙwallon kwando ne, amma gwiwoyinsa kawai nake gani, sauran jikinsa ya fasa rufi ya tafi. Saboda nisa, maganarsa takan daɗe kafin ta sauko. Na ɗaga kai na ce masa, "Kai ɗan nan, duk tsawon nan da Allah ya ba ka bai ishe ka ba, sai ka haɗa da na tsohuwa?"

Shiru. Can sai murya ta faɗo kan tebur, tim. "Lafiya lau, ya gida?" Ashe gaisuwar da aka yi masa da safe yake amsawa.

Bunsuru ya gyara tabarau ya turo mini takarda.

"Akwai sulhu, Hajiya, don mun ga girmanki. Ki sa hannu a kan arba'in da biyu. Ki ɗauki ƙwaryarki ki tafi, za mu rubuta sunanki a bango da fenti, duk mai shigowa garin nan sai an tambaye shi ke. Waɗannan biyun na kan faifai kawai za ki bari. In kin ƙi, duka za a raba."

'Ya'yana, ba zan ɓoye muku ba, na dubi bangon nan. Fari tas, ga wuri an bari daidai tsawon sunana. Shekara hamsin ba wanda ya taɓa tambayata sai dai ni in tare mutum in gaya masa. Na ɗauki alƙalamin har na juya shi a hannu. Sai idona ya faɗa kan biyun nan da ke kan faifai. Su ne na ci ina jin haƙarƙarina kamar zai tsage, na yi tsalle ban san da me na yi ba.

Na ajiye alƙalamin. "Arba'in da huɗu."

"Hajiya, biyu ne fa kacal."

"To in kacal ne ku bar mini su mana."

Ya yi atishawa ya ce a kira shaida. Wata akuya ta jawo aljihun kabad, sai ga Kuluwa ta miƙe daga ciki da tiren shinkafa a hannu tana tsince tsakuwa. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ke gajeruwa, har nan kika kawo rigimar taki?"

"Ke dai faɗi gaskiya yau ɗaya, zanƙaleliya. A kanki na jefa shi."

"A kaina kika jefa, ban musa ba. Har yau ina jin iskarsa a ɗankwalina. Amma an busa."

"Ba a busa ba!"

"An busa, Tabawa. Arba'in da biyu." Ta jefar da tsakuwa ta ci gaba da tsinta.

Na ce a kira usur ɗin da kansa. Aka shigo da shi a kan keken marasa lafiya, ya tsufa ya yi tsatsa, an lulluɓe shi da bargo. Bunsuru ya tambaye shi ko kafin ne ko bayan.

"Ranka ya daɗe, ni hura ni ake yi," in ji usur, yana tari. "Ban taɓa kallon wasa ba. Ta ina zan gani?"

Aka mayar da shi.

Sai ga mu a fili gaba ɗaya, har da tebur. Kwandon yana can yana kiwo a bakin rafi da doguwar ƙafarsa ɗaya, ragarsa tana reto. Wata akuya ta kawo mini ƙwallo.

"Ki sake jefawa," in ji bunsuru. "In ya shiga, sai mu duba yiwuwar kafa kwamiti."

Na riƙe ƙwallon. Hannuna ya tuna da shi, wallahi, yatsuna suka zauna inda suka saba. Kwandon ma ya ɗago kai ya dube ni kamar ya gane ni. Amma na sa ƙwallon a ƙasa na zauna a kansa.

"Ba zan jefa ba. Na jefa tun kakarka ba ta fara cin dusa ba, kuma ya shiga. Wanda bai zo kallo ba shi ya so."

Ɗan besbol ya zo wucewa. "Iya, ko ɗaya ne ki taimaka."

"Ci gaba da gudu, ɗana, ƙafarka ƙalau."

Daga sama murya ta faɗo cikin ciyawa. "Wace tsohuwa?"

Bunsuru ya zaro alƙalami daga bayan ƙaho ya rubuta hukunci, ya karanta da ƙarfi: makin Tabawa ba su da mai su, a raba. Awaki suka jawo kasko suka fara hura wuta. Sannan ya naɗe takardar ya kai baki.

"Me kake yi haka?" na ce.

"Sa hatimi. A garin nan magana ba ta zama doka sai an rubuta ta, an tauna, an haɗiye. Wadda ta riga isa ciki ita ce gaskiya."

"Cikin wa?"

Ya tsaya da tauna. Ya dubi sauran awakin, suka dubi ƙasa.

"Dokar ba ta faɗa ba," in ji shi da cikakken baki.

Ban san sanda na tashi daga kan ƙwallon nan ba. Na fizgi farar takarda a kan tebur, na fizge alƙalamin, na rubuta da manyan baƙaƙe yadda nake rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo: Tabawa, arba'in da huɗu, kafin usur. Na cusa ta a baki.

Ku tuna haƙorana na ƙasa huɗu suka rage, shi kuwa bunsuru sana'arsa ke nan. Yana tauna yana kallona ta saman tabarau, ni ina tauna ina kallonsa. Takardar gwamnati ce, mai kauri, ɗanɗanonta kamar tuwon da ya kwana uku. Ɗan besbol ya tsaya cak, karo na farko tun yana saurayi. Mai a kasko ya fara ƙara. Wata akuya ta ɗauki ƙwan farko, wanda na ci da hannun hagu, ta riƙe shi a bakin kasko tana jiran umarni.

Bunsuru ya haɗiye. Na ga lomar ta gangara a wuyansa. Sai kuma na ga ta dawo sama. Ashe halinsu na awaki bai bar shi ba, komai ya ci sai ya dawo da shi ya sake tuƙa. Ya buɗe ido, ya sake haɗiyewa, ta sake dawowa.

Ni kuwa tawa ta tsaya a maƙogwaro, ba ta gaba ba ta baya. Numfashi ya ɗauke, hawaye ya zubo. Sai na ji tiren shinkafa ya faɗi ƙasa, wani dogon hannu ya sauka a bayana, dum.

"Haɗiye, shashasha!" Kuluwa ce. Dum. "Kika bari ɗan akuya ya soya su, da wa zan yi musu? Haɗiye!"

Na yi ƙoƙarin cewa to ki yarda mana, sai gurnani ya fito.

"Arba'in da biyu ne, ko gobe! Amma haɗiye!"

Ta haɗa hannu biyu ta sake saukar mini da na uku. Takardar ta wuce. Na ji saukarta har ƙasan cikina, ta zauna daram. Akuyar nan ta mayar da ƙwan cikin ƙwarya a hankali, ta ɗauko biyun da ke kan faifai ta haɗa da su. Bunsuru ya cire tabarau, yana ta tuƙar hukuncinsa, ya buɗe baki zai yi magana, sai abin da ya fito ya zama ƙara, gar-gar-gar-gar, ba tsayawa.

Injin markaɗen maƙwabta ne, sun tayar da shi tun rana ba ta gama fitowa ba, mata har sun fara jera bokitan wake. Na buɗe ido na tarar da gefen mayafina a baki, ya jiƙe sharkaf. Na zare shi, na shafa cikina, na tashi na ɗora ruwan shayi.